Ranar da Rumbun Baba Ya Amsa

Ni dai ban taɓa cewa ni mawaƙi ba ne. Muryata, in na ɗaga ta, akuyoyin Inna ma sai sun waiwaya su ga wa aka taka. Aikina gyaran muryar wasu. A kawo mini ita da tsakuwarta da dusarta, in tankaɗe ta a kwamfuta, in ɗora ta a kan kiɗa, mai ita ya tafi yana hura hanci kamar da ita aka haife shi. A Kano na koyo aikin. Na dawo ƙauyenmu da tsohuwar kwamfuta wadda batirinta ba ya cika awa guda, da makirufo ɗaya, da abin sawa a kunne wanda salatif ya fi robar yawa a jikinsa.

Mawaƙina kuwa ɗaya ne tak a duniya: taubashina, ɗan Goggo, ƙanwar Baba. Rap yake yi, abin nan da 'yan rediyo ke kira gambarar zamani. Da safe yana ban-ruwan tumatir a Watari, da yamma yana zuba baiti yana wurga hannu kamar mai korar ƙuda. Da yake taubasai ne, tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. In na gan shi in ce, “Ɓarawon tumatir, an iso?” Shi kuma ya ce, “Kurman injiniya, kunnen ya warke?” In wata rana ɗayanmu ya yi wa ɗaya sallama a natse, to ba lafiya ba.

Matsalarmu wurin ɗauka ce. Ɗakina rufin kwano ne, daɓen siminti. Murya ta daki bango ta dawo, ta daki kwano ta sake dawowa, sai ka ji kamar mutum uku ke faɗa a cikin durom. Waje kuma, wayyo! Zakara, zabi, injin niƙan maƙwabta, daka daga gida huɗu. Akwai ranar da jakin wani ya shigo mana daidai kan amshi, har na yi shawarar in bar shi a ciki, don wallahi ya fi taubashina bin kiɗa.

Rumbu biyu ne a gidanmu. Ƙarami, shi ake ci tun daga kaka. Babban kuwa na ƙasa ne, mai hular jinka, da 'yar ƙofar katako a gefe sama da kan mutum, kuma ba a taɓa shi sai an yi shuka, damina ta zauna. Wannan rumbu shi ne mutuncin Baba. Ba shi da mota, bai je Makka ba, amma in an zauna a gindin darbejiyar ƙofar masallaci yakan ce, “Gidana, tun zamanin mahaifina, ba a taɓa auno hatsi daga kasuwa da damina ba.” Ya faɗe ta har yara sun haddace. Kuma dattawan garinmu ba sa leƙa rumbu don su san abin da ke ciki. Ƙwanƙwasawa suke yi da bayan yatsa, daga ƙasa zuwa sama. Inda ya ce tim, akwai. Inda ya ce gwam, iska ce. Baba ya fi kowa wannan kunnen, har kiransa ake yi.

Wata ranar kasuwa, bayan an gama shigar da dawa, Baba ya hau mashin ya tafi Makoɗa. Ina wucewa ta gindin babban rumbu, sai shaiɗan ya ce mini, buɗe ka yi tari a ciki. Na kifa turmin Inna, na hau, na buɗe ƙofar, na yi tari. Ikon Allah! Tarin ya fita, bai dawo ba. Dammunan dawa sun shanye shi ƙurmus. A Kano sai da mai ɗakin da na yi aiki ya lulluɓe bango da soso kafin ya samu rabin wannan shirun.

Haka muka samu situdiyo. Mu ɗaure makirufo a sanda, mu soka shi tsakanin zangarniya. Taubashina ya hau turmi, ya tura kai da kafaɗa ciki, in lulluɓe bayansa da bargo. Ni kuma in zauna a ƙasa da kwamfuta a cinya, ina kallon wani gindi da ƙafafu biyu suna rawa a kan turmi. Inna ta fito za ta ɗebi ruwa, ta tsaya, ta dube mu, ta ce, “Ni ban ga komai ba. Amma in turmina ya tsage, na gani.”

Muryar da muka samu ranar nan, har gobe ban ƙara samun irinta ba. A bushe, a kusa, kamar a cikin kunnenka yake magana. Kusan ban sha wahala ba. Na yanke numfashin da ya yi yawa, na sa abin da ke danne wurin da ya yi ihu ya kuma ɗago wurin da ya haɗiye kalma, na rage kaurin ƙasan muryar, na ƙara mata ɗan haske a sama, na ninka ta a wurin amshi. Amsa-kuwwa ma sai da na ƙara mata da hannuna, 'yar kaɗan, kamar gishiri. Cikin mako guda waƙar ta zagaye wayoyin 'yan acaɓa har Tofa. Taubashina ya daina amsa gaisuwar kowa da baki, sai da gira.

Labari bai daɗe ba ya kai gindin darbejiya. Baba ya kira mu zaure, muka durƙusa muna jiran hukunci. Ya dubi taubashina ya ce, “Na ji an ce kanka yana shiga rumbuna.”

“E, Kawu.”

“To, kan ya shiga, tunda ba komai a cikinsa da zai ci mini dawa. Amma ƙafa, ko ta wane ne, ranar da ta shiga zan karya ta.”

Wannan doka muka riƙe: kai ya shiga, ƙafa ta tsaya a turmi.

Sai da bazara ta yi zafi, ana ta duban gabas, sannan muka koma don waƙa ta biyu. Wannan karon taubashina ya zo da baiti na rumbun kansa, yana cika baki yadda 'yan rap suka saba:

“Rumbun Kawuna cike yake har wuya,
ku auno a kasuwa, mu a gida muke suya.”

Na ce masa, “Dawa ake soyawa, jahili?” Ya ce waƙa ce, ba girki ba. Na ce a canza baitin, ya kafe. Ban taɓa ganin ya kafe a kan baiti haka ba, mutumin da in ka ba shi rake zai sayar maka da amshi. Na buɗe ƙofar rumbu na soka makirufo, dammuna na nan reras a baki, kamar kullum. Muka ɗauka sau biyu, batir ya mutu.

Washegari da hantsi na karɓo kwamfuta daga shagon caji, na zauna aiki. Ina sa abin kunne na ji abu. Bayan kowace kalma akwai wutsiya. Ya ce “wuya”, wani ya ce “uwaa” a bayansa, can ƙasa-ƙasa, kamar a cikin randa. Na duba ko na manta amsa-kuwwar waƙar farko a kunne. A kashe take. Na zargi makirufo, na zargi waya, na zargi kan taubashina, don dai na san holoƙo ne. Sai na buɗe muryar da muka ɗauka da kaka na jera ta da ta bazara. A allon kwamfuta murya kamar kunyoyin gona take fitowa, tudu, kwari, tudu, kwari. A ta kaka, tsakanin kunya da kunya fes. A ta bazara, kwarin duk ya cike da wani ɓurɓushi.

Na fita tsakar gida, na duba ba kowa, na je na ƙwanƙwasa rumbun. A ƙasa ya ce tim. Na ɗaga hannu daidai gwiwata ya ce tim. Daidai ƙugu, ta bayan rumbun, ya ce gwam. Na ƙara sama, gwam. Wani ya yashe cikin rumbun, ya gina katangar dammuna a bakin ƙofa don mai leƙe ya ga a cike. Ga ƙaramin rumbu saura shara, ga damina a bakin ƙofa, ga mu mutum tara a gida.

Ban ɓata lokaci wajen neman ɓarawo ba, don ina da shi a hannu. Wa ke shiga rumbun nan da kai? Wa na gani ranar nan da ƙaiƙayin dawa a bayan kujerar mashin ɗinsa, a tsakiyar bazara? Wa ya sayi sabon takalmi fari ƙal a shekarar da tsutsa ta cinye musu tumatir? Na ce lallai, shekara ashirin ina ce wa mutum ɓarawo da wasa, ashe gaskiya nake faɗa ban sani ba. Raina ya ɓaci, amma kada in yi ƙarya, akwai wani ɗan daɗi a ƙasan ɓacin ran. Na kama taubashi da kwamfuta! Wa ya taɓa yin haka a garinmu?

Na jira ranar da Baba ya tafi ɗaurin aure. Bayan azahar taubashina ya zo jin waƙarsa, Inna ta zubo masa ɗanwake, ya zauna a tabarma yana ci. Na ɗauko kwamfuta na ce, “Inna, zo ki yi mana alƙalanci.”

“Ni ina ruwana da haukanku?”

“Minti ɗaya, Inna.”

Na ɗora mata abin kunne a kan ɗankwali. Na sa mata muryar kaka, ba kiɗa. Ta taɓe baki. Na sa mata ta bazara. Bai kai ƙarshen baitin farko ba na ga fuskarta ta canza. Ta cire abin a hankali ta riƙe a hannu.

Ni kuwa na miƙe kamar lauya. “Kin ji ko? Rumbun Baba ne yake kuka. An yashe shi, Inna, bai kai rabi ba. Ga kuma mai aikin nan yana cin ɗanwakenki da sabon takalmi.”

Na jira ya zage ni. Wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya ajiye cokali a gefen kwano, ya dubi ƙasa. Sannan ya tashi ya ce, “Inna, na gode,” ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita. Ban ji ya tayar da mashin ba sai da ya tura shi har bakin hanya.

Inna ta ce, “Zauna.”

Na zauna.

“Kai yanzu ka yi wayo ke nan? Ka gano abin da ba wanda ya sani?” Ta ƙwanƙwasa ƙasan kwanon ɗanwaken da bayan yatsa. “Shekara talatin ina gidan nan. Kana zaton mazan gindin darbejiya ne kaɗai ke da yatsa? Duk safiya in na je ɗibar kara sai na gaisa da rumbun nan. Tun dami na farko na sani.”

Sai ta warware mini. Daminar da ta wuce ruwa ya kwanta a gonar mijin Goggo, bai cire ko iri ba. Da rani tsutsa ta gama da tumatir. Shi kuma ga ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Goggo ba za ta roƙa ba, mijinta ba zai karɓa a gaban mutane ba. Sai Baba ya riƙa jiran la'asar, in Inna ta tafi islamiyyar matan aure, mu kuma muna filin ƙwallo, ya fito da dami biyu ko uku, ya lulluɓe da buhu, taubashina ya goya a mashin ya bi ta bayan gari. Ya sa yaron ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Takalmin kuwa, ita Inna ta san wanda ya ba shi: wani abokinsa ne ya saya ya yi masa kaɗan.

“Ni ma ubanka bai faɗa mini ba,” in ji ta. “Yana tsoron in ce 'ya'yana fa. Bai san ni ba har yau, bawan Allah. Ba ka lura tuwon gidan nan ya rame ba tun watan jiya? Ba ka lura rogo ya yi yawa ba? Kai da kake da kunne, harshe ne ba ka da shi.”

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Sai a lokacin na gane abin da ya sa ya kafe a kan baitin nan. Shi ma katangarsa yake ginawa a bakin ƙofa, da abin da ya iya.

Na ce, “To sai in goge waƙar.”

“Ka goge? Gari duka ya ga gindin yaron nan a kan turmina. Kowa jiran waƙa yake. In ba ta fito ba, a tambayi dalili. In ta fito haka kuma, baki yana cewa cike yake, rumbu yana cewa ƙarya ne, a gaban tsofaffin da ke jin gwam tun kafin a haife ka.” Ta miƙo mini abin kunnen. “Ubanka ya ciyar da 'yar'uwarsa, ba za a yi masa dariya a ƙofar masallaci ba. Wannan abin naka da ya iya tonawa, ya iya binnewa?”

Ko tsofaffin za su gane ta cikin lasifikar waya, Allah masani. Amma Inna ta gane kafin numfashi uku, ni kuma ba ni da sauran bakin gardama.

Abu mafi sauƙi shi ne a sake ɗauka a wani wurin. Na kira taubashina sau bakwai, bai ɗaga ba. Na aika, aka ce yana Watari yana kwashe albasar wani. Ba ni da komai sai muryar nan mai wutsiya.

Sa amsa-kuwwa a murya danna abu ɗaya ne. Cire ta kuwa, kamar tsince tsakuwa ce daga shinkafar da aka riga aka dafa. Na fara da abin da ke rufe murya da zarar mutum ya yi shiru, sai ya riƙa cinye ƙarshen kalmomi, taubashina ya koma kamar mai shaƙuwa. Na kashe shi. Na buɗe kunyoyin nan manya-manya a allo, na bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, ina datse wutsiya, ina lallaɓa bakin yankan don kada ya yi ƙaras. Ɗan banzan nan kuma sauri yake yi kamar ana bin sa, kalma a kan kalma. Na nemo daidai inda kukan randar yake zaune a cikin kaurin muryar, na rage shi, muryar ta zama siririya kamar ta sauro, na mayar da rabi. Inda wutsiyar ta ƙi fita, na matso da dukan ganga ya zauna a kanta. Batir ya mutu, in tafi shagon caji, in dawo, in ci gaba. Kwana huɗu ina wannan safarar. Mai shagon har ya tambaye ni ko kwamfutar ce ke da zazzaɓi.

Kalmar “wuya” ita ta fi ba ni wuya, don a kanta yake jan murya, rumbun kuma ya samu wurin amsawa. A ƙarshe sai na koma waƙar kaka, na samo inda ya faɗi kalmar a lokacin da rumbun yake cike da gaske, na yanko ta, na dasa a nan. Ta zauna daram.

Na kai wa Inna. Ta saurara har ƙarshe da ido a rufe, ta ce, “Waƙar dai ba daɗi. Amma rumbun ya yi shiru.”

Na ari keke na tafi Watari. Na same shi a bakin kwalbati yana wanke ƙafa. Na yi masa sallama a natse, irin wadda ban taɓa yi masa ba, ya amsa a natse, abin ya ƙara ƙona ni. Na miƙa masa waya da abin kunne. Ya saurara, ya mayar baya daidai baitin rumbu, ya sake saurara. Na ce, “Ka yafe mini.” Ya cire abin kunnen. Sannan ya ce, “Kurman injiniya, gangar ta yi ƙara da yawa.” Na ce, “Muryarka nake ɓoye wa jama'a, ɓarawon tumatir.” Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Waƙar ta fita, ta fi ta farko yawo. Yara suna ta “cike yake har wuya” a hanyar makaranta. Damina ta sauka. A cikinta akuyoyin Inna biyu suka ɓace daga turke, buhunan hatsi kuma suka riƙa shigowa daga gidan yayanta da sunan tsaraba. Ba wanda ya tambaya, ba wanda ya ga ɗan gidanmu da kwanon awo a kasuwa.

Wata yamma, an gama noman farko, Baba ya kira ni zaure. Ya ce, “Kawo abin nan naka in ji abin da ake ta yi mini waƙa da shi.” Na ɗora masa abin kunne a kan hula. Na tsaya ina kallon mutumin da ake kira har ƙauyukan kusa don ya ƙwanƙwasa rumbu. Ya karkata kai yadda yake yi in ya kanga kunne a bango. Da ta ƙare ya ce in maimaita. Na maimaita.

“A rumbuna aka ɗauki wannan?”

“E, Baba.”

“Yaushe?”

“Da bazara.”

Ya cire abin kunnen, ya juya shi a hannu yana duban salatif ɗin. Ya dubi ƙofar cikin gida, inda ake jin Inna tana tankaɗe. Ya dube ni. Na san ya sani, ya kuma san na sani, har ma ina jin ya gane wa ya sa ni.

“Ashe a cike yake,” in ji shi, muryarsa can ƙasa.

“A cike yake, Baba.”

Tun da na dawo daga Kano, kiɗan banza yake kiran aikina. Ranar nan ya miƙo mini abin kunnen da hannu biyu, ya ce, “Allah ya yi maka albarka.” Na fita da sauri na zagaya bayan rumbu, don ƙato da gemu bai kamata a gan shi yana hawaye a zaure ba.

Muryar ta asali, mai wutsiyar, tana nan a kwamfutata har yau, ban goge ba. Baba ya rasu bara waccan, bai taɓa jin ta ba. Wani lokaci nakan sa abin kunne in saurare ta ni kaɗai, ba kiɗa, in ji yawan abin da ya bayar.